Tagogin Tunawa da Mamata a Coci-cocin Sudan: Tambayoyin da Ake Yi Mini da Amsoshinsu

Sana'ata yankan gilashi ce. Na koye ta a Umdurman wurin wani dattijo Bakibɗe, wato Kirista mai asali daga Masar, tun ban ajiye iyali ba, na kuma ci abinci da ita shekara talatin da 'yan kai, kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya koro mu Gadarif. Yawancin aikinmu madubin shagon aski ne da gilashin kanti da na kabad. Amma maigidana yana da wani ɗaki a ƙuryar shago inda yake harhaɗa gilashi mai launi da dalma, aikin da coci-coci ke kawo masa jefi-jefi, a nan na ga yadda ake yi har hannuna ya faɗa.

Tun da hotunan gine-ginen Khartum da suka ragargaje suka fara yawo a waya, 'yan'uwa daga Maiwurno da Kasala da Damazin, har da na Makka da na Kano, suke turo mini tambaya a kan tagogin nan masu launi. Na gaji da maimaita amsa ɗaya a saƙon murya, shi ya sa na tattara su wuri guda. Ni Musulmi ne, jikan waɗanda suka yo gabas bayan yaƙin Burmi. Abin da na faɗa a kan Kirista, abin da na gani ne a wurin maƙwabta da abokan ciniki.

Wai mece ce tagar tunawa?

Taga ce da aka haɗa da gutsattsarin gilashi masu launi daban-daban, kowane an yanka shi daidai da zane, an riƙe su da siraran sandunan dalma. A ƙasanta akwai rubutu: don tunawa da wane ko wance, shekarar rasuwa kaza, kyauta daga su wane. Wani lokaci iyalin mamacin ne ke biya, wani lokaci ikilisiya ce gaba ɗaya, wato jama'ar da ke sujada a wannan coci, ko wani ɓangare nata kamar zumuntar mata ko mawaƙa. Zanen kan zama labari daga Littafi Mai Tsarki, ko makiyayi da tumaki, ko kurciya, ko fitila, ko kuma zallan ado na layuka da furanni ba tare da surar kowa ba.

Me ya sa taga? Ba gara su haƙa rijiya ba?

Suna haƙa rijiyar, suna gina makaranta da asibiti ma. Ita taga dalilinta daban. Duk coci dole ya yi taga, to tunda za a yi, sai a yi wadda za ta daɗe ta kuma yi magana. A zamanin da yawancin mutanen Turai ba su iya karatu ba, a jikin taga suke ganin labaran annabawa. Sannan launinta ba ya fita sai rana ta bi ta cikinta: da dare baƙa ce wuluk, daga waje ma kamar an shafa mata toka, sai ka shiga ciki da hantsi. Maigidana kan ce a nan ne kawai mamaci ke zuwa coci kowace Lahadi bai makara ba. Wasa yake yi, amma haka jama'ar ke ji: wurin zaman tsohuwa ya zama wayam, sai ga jan haske ya faɗo a kan bencin.

Akwai irin waɗannan tagogi a Sudan, ko sai Turai?

Akwai, kuma kafin yaƙin nan mafi shahara suna wurin da da yawanmu suka sha wucewa ba su sani ba. Ginin dutsen nan da ke jikin fadar shugaban ƙasa a Khartum, wanda aka sani da gidan tarihin fada, asalinsa babban cocin Angilika ne mai suna All Saints. An aza harsashinsa a 1904, aka keɓe shi ranar 26 ga Janairun 1912. Ranar ba a banza aka zaɓe ta ba: 26 ga Janairun 1885 ce ranar da mayaƙan Mahadi suka ci Khartum aka kashe Janar Gordon, Baturen Ingila da ke riƙe da garin, kuma a cikin cocin an ware wani sashe da sunansa. Wanda ya zana ginin Robert Weir Schultz ne, kuɗin kuwa karo-karo aka yi a Ingila da wurin Turawan da ke aikin gwamnati da soja a Sudan. Gilasan tagogin wata mace ce ta zana su, Mabel Esplin, a Landan aka yi su aka kawo su ta ruwa.

Ku lura da shekarun nan. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, wajen 1906. Ke nan lokacin da kakanninmu ke yankar ciyawar jinka a Maiwurno, a Khartum ana sassaƙar dutsen wannan coci, kuma masu sassaƙar da waɗanda suka koro mu gwamnati ɗaya suke wa aiki. Duk sanda na shiga ginin, wannan lissafin ba ya barin zuciyata. Aikin yana da kyau, ba na musu; sunayen da ke jikin bango dai na 'yan mulkin mallaka ne, wannan ma ba abin musu ba ne.

A 1971, bayan juyin mulkin watan Yuli da bai yi nasara a kan Shugaba Numeiri ba, gwamnati ta rufe cocin ta karɓe shi saboda kusancinsa da fada. Daga baya aka rushe hasumiyarsa, aka mayar da ginin gidan tarihi, aka jera tsofaffin motocin gwamnonin Turawa da kyaututtukan da aka ba shugabanni. 'Yan Angilika suka gina sabon coci a unguwar Amarat. Na kai 'ya'yana can kafin yaƙi, su suna kallon motoci, ni wuyana ya ƙage wajen kallon sama.

Ban da shi akwai babban cocin Katolika na Matiyu mai tsarki a bakin Nilu, wanda aka gama a 1908, da coci-cocin Kibɗawa a Khartum da Umdurman, da na Girkawa. Kiristanci kuwa ya riga Bature zuwa ƙasar nan da fiye da shekara dubu. Masarautun Nubiya, Makuriya mai hedikwata a tsohuwar Dongola da Alwa mai hedikwata a Soba, na Kirista ne. Sai dai su a bango suke zanensu: hotunan cocin Faras da masana daga Folan suka tono tsakanin 1961 da 1964, kafin ruwan madatsar Aswan ya cinye wurin, an raba su tsakanin gidan tarihin Khartum da na birnin Warsaw.

Yaya talakawan coci ke iya tara kuɗin irin wannan aiki?

Yadda muke tara namu. Duk wanda ya taɓa zaman makoki a Sudan ya san kashif, takardar da ake zagawa da ita kowa ya sa abin da ya sawwaƙa a rubuta sunansa. Ya san sanduk, wato adashi, ya san nafir, wanda a gida ake ce wa gayya. Su ma da waɗannan suke aiki, sai dai su ƙara da baiko na musamman ranar Lahadi.

Bari in ba da wanda na gani da idona. A bayan garin Umdurman akwai wani ɗan coci na jan bulo da rufin kwano, jama'arsa mutanen Duwatsun Nuba ne, leburorin gini da masu wanki da masu sayar da shayi. Wata tsohuwar ungozoma a cikinsu ta rasu. Rabin yaran unguwar ita ta yanke musu cibi, ba ta tambayar addinin mai naƙuda. 'Yata ta fari ma a hannunta ta faɗo. Sai dattawan ikilisiya suka zo shago su uku da wani littafin makaranta mai layi-layi, suka ce wa maigidana: “Usta, taga muke so, amma kuɗinmu ba sa gudu, rarrafe suke yi.” Ya ce su rarrafo, yana nan.

Wata goma sha huɗu suka yi. Ran da suka kawo kashin ƙarshe, wata mai shayi ta biyo su, ta kwance bakin mayafinta a kan teburin yanka, ta zube tsaba da tsofaffin takardu masu ƙanshin citta da gawayi. Ta ce da ni: “Ɗana, ƙirga da kyau, idona ya yi rauni.” Na ƙirga, magatakardansu ya rubuta. Na leƙa littafin: wani ya ba da akuya, wani magini ya ba da aikin kwana biyu, wani yaro an rubuta masa kuɗin da ba zai sayi biredi uku ba, amma da sunansa da na ubansa. Zanen da suka zaɓa fitilar ƙwai ce, irin wadda marigayiyar ke riƙewa idan an taso ta da tsakar dare, da zangarniyar dawa biyu a gefe. Ran da muka kafa ta, launin ya sauka a kan rairayin ƙasan cocin, yara suka riƙa tsoma hannu a ciki suna dubawa ko ya kama fatarsu.

To ai a Turai sarakuna da attajirai ne ke yi, ko?

Suna yi, amma ba su kaɗai ba. A babban cocin Chartres da ke Faransa, wanda yawancin gilasansa na ƙarni na 13 ne, idan ka duba ƙasan tagogi da dama za ka ga masu gasa biredi da mahauta da dukawa da 'yan ga-ruwa suna bakin aikinsu. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin sa hannun ƙungiyoyin sana'a da suka ba da gudummawa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Amurka. Ranar 15 ga Satumban 1963 'yan ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan suka dasa bam a wani cocin baƙar fata a Birmingham ta jihar Alabama, 'yan mata huɗu suka mutu, ƙaramarsu shekararta 11, sauran 14. Wani mai aikin gilashi a yankin Wales na Birtaniya, John Petts, ya ji labari ya ce zai yi musu sabuwar taga. Aka buɗe asusu ta hanyar jarida, aka kuma sa doka: kada kowa ya ba da fiye da sule biyu da sisi, don kada wani mai kuɗi ya biya shi kaɗai a ce kyautarsa ce. Yara 'yan makaranta suka yi layi da kuɗin kashewarsu. An kafa tagar a 1965, a ƙasanta an rubuta cewa kyauta ce daga mutanen Wales. Dokar nan ta sule biyu da sisi, da ni ne shugaban kwamitin kowane masallaci ko coci, da na ara.

Launin nan fenti ne aka shafa?

A'a, a cikin jikin gilashin yake, tun yana narke a tanderu aka zuba masa. Kobal ke ba da shuɗi mai duhu. Jan ƙarfe kan ba da kore ko ja, ya danganta da yadda aka sarrafa wutar. Manganis ke ba da shunayya, baƙin ƙarfe kore-kore, zinariya 'yar kaɗan ta ba da ja mai haske kamar ruwan rumman. Jan da ake samu daga jan ƙarfe yana da ƙarfi har idan aka yi gilashin duka da shi haske ba zai ratsa ba, don haka sai a yi masa siririn shafi a kan farin gilashi. Idan ka kalli bakin gutsuren za ka ga layi biyu, ja siriri da fari mai kauri. Rawaya kuwa sau da yawa da sinadarin azurfa ake yin ta: a shafa a bayan gilashi a gasa, ta shige ciki. Turawa sun fara wannan wajen shekarar 1300, alhali masu gilashin Masar sun riga su sanin sirrin da ɗaruruwan shekaru.

Ga yadda aikin ke tafiya. A zana tagar a takarda daidai girmanta. A yanka kowane gutsure da abin yankan gilashi, a ɓalle da hannu, a gyara bakin da filaya. Abin da ke buƙatar ƙananan layuka, kamar fuska ko ninkin tufa ko rubutu, a zana shi da baƙin kwaɓi na garin gilashi da tsatsar ƙarfe, a gasa a wuta mai zafin digiri 600 da ɗoriya har ya zama jiki ɗaya da gilashin. Sannan a shimfiɗa a tebur a fara haɗawa daga kusurwa ɗaya. Sandar dalmar tana da kwari hagu da dama, gilashi ya shiga nan wani ya shiga can, ana tokarewa da ƙusoshi kada su zame. Duk mahaɗa a ɗiga mata narkakkiyar kuza da dalma, gaba da baya. A ƙarshe a cusa kwaɓin alli da mai a ƙarƙashin leɓen dalmar da buroshi, shi ke hana ruwa shiga ya kuma hana gilashin kaɗawa.

A kiyayi na jabu. Akwai masu manna leda mai launi a kan farin gilashi, akwai masu shafa fentin gwangwani su zana layi da baƙin gam. Ranar farko ya fi na gaske ƙyalli. Bazara biyu a rana irin ta Khartum, ja ya koma ruwan ƙasa, ledar ta fara saɓulewa kamar fatar maciji. Sa farce a jikin layin: dalma tana da laushi, tana ɗaukar shaida, tana nuna fari a inda ka karce.

Sunan wa ake rubutawa a jiki?

Nan ne rigima take, ba a wajen kuɗi ba. Wanda ya ba da kaso mafi tsoka yana so a gan shi, dangin mamaci suna so a jero muƙamansa duka. Shawarar da nake bayarwa kullum: sunan mamaci da shekara a gilashi, sai “daga jama'ar wannan ikilisiya”, sauran sunaye a littafi, a yi masa kwafi biyu a ajiye a gidaje daban-daban.

Kuma a rubuto sunan a takarda, wani na jikin mamacin ya sa hannu. A tagar ungozomar nan ni na ɗauki sunan da ka, na rubuta da haruffan Larabci yadda kunnena ya ji, ɗigon da ya kamata ya zauna a ƙasa na ɗora shi a sama. Aka gasa, aka haɗa. Babban ɗanta ya zo dubawa, ya daɗe tsaye, sannan ya ce a hankali: “Usta, aiki ya yi kyau, Allah ya saka. Amma wannan ba sunan mahaifiyata ba ne.” Abin da wuta ta gasa ba ya kankaruwa. Sai da na warware layin ƙasa gaba ɗaya, na sake yanka, na sake gasawa, daga aljihuna. Maigidana bai ce mini uffan ba, illa ya ajiye gutsuren mai kuskure a kan tagar shago inda zan riƙa ganinsa kowace safiya.

Nawa ake kashewa?

Ba na faɗin farashi a rubuce, don fam ɗin Sudan na yau ba shi ne na jibi ba. Abin da ke sa tsada dai yawan gutsattsari ne, ba faɗin taga ba. Taga mai gutsure 40 da mai 400 girmansu ɗaya, aikinsu ba ɗaya ba. Ja da ruwan hoda sun fi tsada, fuska da hannu sun fi komai cin lokaci, gilashin kuma daga waje ake shigo da shi.

Ya halatta Musulmi ya yi wa coci wannan aiki?

Wannan ce tambayar da ta fi yawa, wasu da neman sani, wasu da neman faɗa. Mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, sun hana Musulmi ya yi ƙwadagon gina wurin ibadar wani addini, an kuma ruwaito sassauci daga Imamu Abu Hanifa. Ga kuma maganar zana surar mai rai, wadda ita ma babi ce mai zaman kanta. Ni mai yankan gilashi ne, fatawa tana wurin masu ita, kowa ya je ga malaminsa.

Abin da na tsayar wa kaina tun ina yaron shago shi ne: ba na zana fuska, ba na haɗa gicciye, ba na taɓa hoton da aka ce na Annabi Isa ne, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Maigidana ya san haka, bai taɓa matsa mini ba, kamar yadda yake sallamata tun kafin azahar ran Juma'a ba tare da na roƙa ba. Yanka da haɗa dalma da toshe inda ya fashe don kada ruwa da ƙura su shiga wa maƙwabci, waɗannan na yi. Akwai malamin da ya ce mini ko wannan ma in bari, akwai wanda ya ce haƙƙin maƙwabtaka ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari, aikin madubi bai ƙare ba.

Mu Musulmi ba mu da irin wannan ado?

Muna da shi, tsoho ma kuwa. Larabawa na ce masa ƙamariyya ko shamsiyya. Maimakon dalma, jibis, wato farin garin da ake shafe bango da shi, ake kwaɓawa a zuba, a sassaƙe shi ƙofa-ƙofa tun bai gama bushewa ba, a liƙa gilashi mai launi ta baya. Akwai shi a Ƙubbatus Sahra da Masallacin Ƙudus, da masallatan Mamalik na Alƙahira, da Masallacin Sulaimaniyya na Istanbul da aka gama a 1557. A San'a ta Yaman kusan kowane tsohon gida yana da rabin da'irar nan mai launi a saman taga. Ba sura, sai taurari da furanni da rubutu.

Wajen tuna mamaci kuwa, hadisin da Muslim ya ruwaito ya yi mana jagora: idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Shi ya sa ka ga sabil a bakin titunan Sudan, randuna biyu ko uku a inuwa da moɗa a ɗaure. Idan jama'ar unguwa suna so su sa wa masallaci taga da niyyar ladan ya kai ga wani mamaci, a ganina su fara duba ko masallacin na da ruwan alwala da inuwa da tabarmi. In duk akwai, taga mai buɗuwa da ɗan launi a sama ba laifi, amma ba a bangon alƙibla ba, kada ta ɗauke hankalin mai salla.

Mu da ke Saudiyya za mu iya ganin irinta?

Ba coci a buɗe a Saudiyya. Akwai dai kangon wani tsohon coci da aka gano a Jubail a 1986. Mai son ganin aikin taga ya shiga Balad, tsohon garin Jidda, ya ɗaga kai ya kalli rawashin, tagogin katakon nan masu turowa waje. 'Yan'uwansu ne suke a Sawakin kafin gidajen su zube.

Zafinmu da habub, wato guguwar ƙura, ba sa lalata ta?

Suna lalatawa, kuma da wuri. A Turai akan ce dalmar taga ta yi shekara ɗari ko fiye kafin a sake ta. A nan, inda zafi ke haura digiri 40 a Mayu da Yuni, dalma na miƙewa da rana ta takure da dare, a hankali tagar ta yi ciki kamar tulu, gilashin ya fara tsagewa a inda ya matse. Wadda ke kallon yamma ta fi shan wuya. Maganinsa sandunan ƙarfe a gicciye, kusa-kusa, a ɗaure tagar a jikinsu da wayar jan ƙarfe, da rumfa ko baranda ta waje. Masu sa farin gilashi a waje don kariya su bar ƙofar iska sama da ƙasa. In aka toshe ruf, tsakanin gilasan biyu ya zama tanda.

Bayan habub, buroshi mai laushi ya isa. Ban da omo, ban da soson ƙarfe, ban da tiyo.

An ce dalma guba ce?

Guba ce. Tagar da ke kafe a bango ba ta cutar da mai zama a ƙarƙashinta, haɗarin yana wurin mai aiki da ƙurar tsohon kwaɓi. Duk Bahaushe ya ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Kada a ci abinci a teburin aiki, a wanke hannu da sabulu, kayan aiki kada su shiga ɗakin yara, kada a narka tsohuwar dalma a tukunyar girki.

Bayan an kafa, wa ke da alhakin gyara?

Tambayar da ba a yi mini ita ke nan, ni nake yi wa masu zuwa. Ranar keɓewa kowa na nan, da waƙa da abinci. Shekara ashirin gaba, waɗanda suka san mamacin sun bi shi, 'ya'yansu sun watse, yaro ya jefa dutse, sai a toshe ramin da kwali, kwalin ya zauna har abada. Na ga taga mai sunan mutum da rabin sunan kwali ne. Sabil ɗinmu ma haka: randa ba ta cika kanta, na sha wuce na attajirai a bushe, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin.

Don haka nakan ce a ware ushirin abin da aka tara tun farko a ajiye don gyara, a rubuta a littafin nan wanda zai riƙa dubawa, a ajiye zanen takarda da ragowar gilashin kowane launi a akwati. Kuma ba dole sai sabuwa ba. A babban cocin York na Ingila akwai wata doguwar taga mai sassa biyar a jere ta ƙarni na 13. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya mata suka tara kuɗi aka gyara ta, aka sake keɓe ta a 1925 don tunawa da mata sama da 1,400 da suka mutu a hidimar yaƙin. Tsohuwar da ke neman zubewa suka ɗauka. A Sudan ta yau, inda abin gyara ya fi abin ginawa yawa, wannan ita ce shawarar da zan ba kowace ikilisiya da kowane kwamitin masallaci.

Tamu ta fashe a yaƙin nan. Me za mu yi?

Da farko kada a share. Tsintsiya ta fi bam ɓarna, don bam ya fasa ne, tsintsiya kuwa ta gauraya. Kafin ma a shiga ginin a tabbata masu kwance nakiya sun duba shi, kada a taɓa wani ƙarfen da ba a san shi ba. Sannan a ɗauki hoton ƙasa yadda take, da na abin da ya rage a bango. A sa safar hannu mai kauri, a tsince gutsattsarin kowace taga daban, a jera a kwali tsakanin tsummoki, a rubuta a jikin kwalin: bangon gabas, taga ta biyu. Har wanda bai fi farce ba a ɗauka, musamman mai rubutu ko zane, domin akwai gam na musamman da ke haɗa baki da baki. Dalmar da ta lanƙwashe kada a miƙe ta, kada a sayar wa 'yan gwangwan, ita ce taswirar tagar.

Wadda ta tsira amma wurin bai lafa ba, a ciro ta. Mutanen Chartres haka suka yi a 1939, suka kwance gilasansu suka ɓoye har yaƙi ya wuce, shi ya sa ake ganinsu yau. A jingina ta a tsaye a jikin katako, kada a kwantar, kada a ɗora komai a kai. Ramin a rufe da katako ko kwano.

Sai a bi jama'a a waya, na Masar da na Juba da na Bur Sudan, a ce duk mai hoton biki ko na baftisma da tagar ta fito a bayansa ya turo. Da irin wannan hoto, ko da kan amarya ya tare rabi, ina iya fitar da zanen. A kuma tambayi wanda littafin sunaye yake hannunsa. Na cocin ungozomar nan yana Kosti, a cikin jakar 'yar magatakardan, ta turo mini hoton shafin farko a watan jiya tana tambaya ko ina da sauran jan gilashi.